Hanza a Gidan Mahauta

Duk shekara idan layya ta zo, maƙwabta suka rataye nama a igiya, iska ta kwaso ƙarninsa ta shigo mini da shi ɗaki, sai in ji zuciyata ta tashi. 'Ya'yana sun sani, har dariya suke yi mini, wai ina aka taɓa ganin 'yar mahauci tana toshe hanci don nama. Ba ƙin nama nake yi ba, ina ci, har ƙashi nake tsotsewa. Amma wannan ƙarnin na naman da yake bushewa a rana, ba gishiri ba yaji, yakan mayar da ni tsakar gidanmu na Tajaye, a shekarar da damina ta ƙi, ina yarinya ban kai aure ba. Ka gyara zama in ba ka labarin, mai karatu, don na gaji da jin mutanen da ba su taɓa kwana da yunwa ba suna gardama a kan abin da aka halicci ɗan Adam ya ci.

Baba mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Da sana'ar yake taƙama, kuma ya isa, don ko direbobin motocin siminti na Malbaza sukan ratso su sayi tsirensa. Mutum ne mai fara'a da son yara, amma in ana maganar abinci ba ya ja da baya. A wurinsa tuwo cika ciki ne kawai, ganye kuwa ba ya ko son ganinsa a tukunya. Idan ya ga ina tsintar tafasa a bayan gida tare da ƙawayena, sai ya kira ni, ya kama haɓata.

"Buɗe bakinki in gani," in ji shi. "Wanga haƙori mai tsini, Allah ya ba ki shi don ki ci tahwasa? Mutum maci nama na. Ganye na awaki na."

Ni kuwa sai in buɗe baki in yi masa gurnani, ya fashe da dariya, ya jefa mini guntun hanta.

A shekarar nan ruwa ya sauka a farko, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kafin zafin bazara ya shigo, rumbuna sun zama fanko, kana ƙwanƙwasawa suna amsawa. Iyakar ƙasa kuma a rufe take, 'yan kasuwar Konni da suka saba shigo da hatsi daga kudu sun rasa hanya, ɗan abin da ya kutso ta daji sai mai hali. To, abin da mutane ba sa ganewa idan na faɗa shi ne, mu a gidanmu abinci bai taɓa yawa irin na shekarar ba. Makiyaya sun gangaro daga arewa da shanun da ba sa iya ɗaga kai. Saniya in ta durƙusa ba ta sake tashi, sai mai ita ya rugo wurin Baba yana roƙo a yanka kafin ta zama mushe. Baba ya yanka da safe, ya yanka da marece. Mai saye kuwa babu, kowa hatsi yake nema. Na ga ranar da Baba ya ɗauki cinyar sa sukutum ya zagaya da ita gari yana neman musayar tiya ɗaya ta hatsi, ya komo da ita a kafaɗa.

Saboda haka muka koma cin nama zalla. Nama da safe, nama da rana, romo a madadin fura. Igiyoyi sun cika tsakar gida, ƙudaje sun yi baƙi a kai, ungulaye suna jere a kan katanga kamar masu jiran rabo. Da farko mu yara murna muka yi. Ba a daɗe ba sai muka ga mun ci mun ƙoshi amma ƙafafunmu ba ƙarfi, kai na sara, ciki na murɗawa. Naman ja ne wur, busasshe, ba ko ɗigon kitse. Kana taunawa kana jin yunwa.

A cikin wannan hali Kaka ta zo. Mahaifiyar Inna ce, daga wani ƙauyen manoma a gefen Illela. Mutanen ƙauyen sun watse, maza sun tafi cin rani, ita kuma ta ɗauko ƙullin kayanta da sandarta ta taho wurin 'yarta. Ƙaramar tsohuwa ce, siririya, mai kaifin baki. Zuwanta ya yi daidai da yayen ƙanena, don Inna ta sami ciki, kuma a al'adarmu mai ciki ba ta shayarwa. Yaron da aka yaye kuwa kakarsa ake miƙa wa. Kaka ta goya shi tun ranar da ta sauka, tana kiransa angonta, tana ce masa ya yi sauri ya girma ya sayo mata zane.

Sai dai akwai kunya tsakaninta da Baba, irin ta suruka da mijin 'yarta, kuma su biyun sun riƙe ta da gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci inda zai gani, ba sa haɗa ido. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ita kuma ta shige ɗaki ko ta juya wa ƙofa baya. Duk maganar da ta taso tsakaninsu, ni ake aike. Wani lokaci zanan kara ne kawai ya raba su, kowa yana jin numfashin wani, amma sai Kaka ta ce, "Tahi ki hwaɗa ma ubanki," in taka ƙafa kaɗan in maimaita abin da ya riga ya ji da kunnensa. Shi ma ya amsa, in juyo in kawo. Ban taɓa rage wa kowa magana ba, yadda aka ba ni da zafinta haka nake kai ta.

Ƙanena shi nama ya fara kayarwa. Yaron da ya bar nono kunu yake bukata, ga shi ba hatsi, madara kuwa shanun ma ba su da ita. Baba ya riƙa ware masa hanta da romo mafi kyau, yana tauna nama da bakinsa yana sa masa. Yaro ya haɗiye, ba a jima ba ya fito da shi ta ƙasa. Zawo ya kama shi ya ƙi tsayawa. Wuyansa ya zama siriri, idanu suka faɗa, gashin kansa ya yi ja ya fara zuba. An karɓo rubutu, an jiƙa sassaƙe, duk a banza. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ya daina kuka. Sai ya kwanta a bayan Kaka ya zuba wa mutum ido kawai.

A kwanakin nan ne malamin lakwal, wato makarantar boko, ya yi mana darasin mutanen farko. Mu da muka rage a aji ba mu da yawa, mafi yawa sun bi iyayensu. Ya zana mana mutum da mashi a allo, ya ce mutanen da, tun kafin a san noma, da farauta suke rayuwa, da tsintar 'ya'yan itace da tonon saiwa. Na dawo gida na faɗa da ƙarfi a tsakar gida, don in nuna na yi karatu. Baba yana wasa wuƙa a zaure, ya ɗaga murya.

"Kin ji ko? Hwarauta! Ko boko ya shaida."

Kaka tana daga ɗaki, ta kira ni. "Tahi ki tambayi ubanki, ranar da maharbi ya komo hannu wohi, matan da ɗiyan da anka bari gida, iska sunka ci?"

Na kai. Baba ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Washegari Kaka ta ce hanza za ta nemo. In ba ka san hanza ba, wani ɗan itace ne gajere da yake fitowa a kan fako da tuddai, ganyensa kore shar ko da duniya ta ƙone, don ɗacinsa ya sa dabbobi ba su cika damunsa ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, a ciki akwai ƙwaya mai kama da wake. Ɗanyarta guba ce. Sai an ɓare, an shanya, an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake sabo, sannan ta ciwu. A wurinmu abincin ƙarshe ce. Duk gidan da aka ga an shanya hanza, to gari ya san wannan gida ya kai maƙura.

Da na kai wa Baba wannan saƙo, ya miƙe tsaye. "Ki hwaɗa mata, tun kakana ba a taɓa shanya hanza gidan mahauta ba. Gidan da nama ka ruɓewa? Mi mutane za su ce?"

Kaka ta ce, "Ki hwaɗa mai, mutane ba su za su haƙa kabarin ba, shi na."

Na kai yadda aka ba ni. Baba ya dube ni kamar ni na faɗa, ya ce shi dai bai yarda ba, ya fice. Inna tana tsugune bakin murhu, ga miji ga uwa. Hawaye kawai na gani. Amma da asuba ita ta tashe ni, ta miƙo mini babbar ƙwarya da gorar ruwa, ta kwance yaron daga bayan Kaka ta rungume.

Mun yi tafiya mai nisa kafin mu kai fakon. Ƙasa ta tsage, ƙasusuwan dabbobi ko'ina, rana tun da hantsi tana cin ƙeya. Kaka ba ta tsaya hutawa ba, sandarta tana gaba tana biye. Da muka isa, ashe ba mu kaɗai ba ne. Na ga matan gidajen da nake ganin girmansu, suna tsinka suna jan mayafi don kada a gane su. Kaka kuwa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, har da tambayar maigida. Ta nuna mini yadda ake zaɓen waɗanda suka ƙosa, ta hana ni karya reshe. A hanya in ta ga yaɗiya ta nannaɗe wani itace sai ta tsaya mu tsinki ganyen, in ta ga itacen jiga ta ce in shaida wurin. Ta ce uwarta ce ta nuna mata, ita ma tata uwar, har can baya inda ba wanda ya san suna.

"Wanga daji da kika gani, rumbu na," in ji ta. "Su na da can, da shi sunka rayu. Nama in Allah ya kawo a ci a gode. In bai kawo ba, ba a zama a mutu."

Na tambaye ta ko malamin lakwal gaskiya ya faɗa ke nan. Ta ce ita ba ta san shi ba, amma in ya ce mata sun yi tsinta to yana da kaka.

Mun yi ta zuwa muna dawowa har muka tara abin kirki. Muka ɓare, Kaka ta baza a tabarma a tsakiyar gida, a ƙarƙashin igiyoyin naman Baba, ba ta ɓoye ba. Da ta bushe aka zuba a babbar tukunya aka cika da ruwa. Nan wahala ta fara. Hanza ruwa take ci, ga rijiyar gari ta yi nisa ƙasa, sai an haɗa igiya da igiya. Inna ciki ya yi nauyi, Kaka ba ƙarfi, ni kaɗai nake jan wasaki, wato gugan fata, har tafin hannuna ya sale. Abin da nake kawowa bai isa a sake ruwan yadda ya kamata ba. Kullum da safe Kaka takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta ɗan ciza, ta tofar, ta girgiza kai. Shi kuwa yaro kullum ƙara narkewa yake. Wata rana Inna ta durƙusa gaban uwarta tana kuka, ta ce a ba shi haka nan, ko kaɗan ne.

"Ba ni kashe shi da hannuna," in ji Kaka. "Sai ɗacin ya hita."

Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ga kamar taurin kai ne kawai. Amma ta ƙi, kuma ko gezau ba ta yi ba.

Ruwan jiƙon hanza yana da wari mai tsami, kuma a bayan katanga muke zubarwa. Labari ya kai mahauta. Ban san abin da abokan sana'ar Baba suka faɗa masa ba, amma da azahar ya shigo ba gyaran murya, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi tukunyar kai tsaye. Na tabbata kifar da ita zai yi. Kaka tana zaune a inuwar ɗaki da yaron a cinya. Na jira ta shige ciki ta kira ni. Ba ta shige ba. Ta miƙa wa Inna yaron, ta dafa sanda ta tashi, ta zo ta tsaya tsakaninsa da tukunya, ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido.

"Yau ba aike," in ji ta. "Ni nika yi maka magana da bakina."

Inna ta rufe fuska da zane. Baba, wannan ƙaton mutum da yake kayar da sa shi kaɗai, sai na ga ya zame takalmansa ya durƙusa, kansa a ƙasa. Kaka ta sa hannu cikin kwandon ƙasusuwan da aka ajiye don romo, ta ɗauko ƙashin cinya ta ajiye a gabansa.

"Kai na mahauci, ba ni ba. Hwasa ka gani."

Baba ya ɗauki gatarinsa ya fasa. Ɓargon da ya kamata ya fito fari da maiƙo, sai ga wani jan ruwa mai yauƙi ya tsiyayo a ƙasa. Ya sa yatsa ya murza, ya daɗe yana kallo. Ni ina ganin ya san haka tun tuni, kullum hannunsa yana cikin ƙashi, zuciyarsa ce ta ƙi yarda.

"Yunwa ta riga ta cinye saniyag ga tun tana tsaye," in ji Kaka, yanzu muryarta a hankali. "Saura kake ba angona. Ban ce nama mugun abu na ba. Amma wanga ba ya riƙe shi. Ruwa nika so."

Baba ya ajiye gatarin. Ya tashi ya sa takalmi, ya ɗauki wasaki da igiya. Sannan ya sunkuya ya ɗaga tukunyar hanzar gaba ɗaya ya aza a ka. Ya fita da ita ta ƙofar zaure, ya bi ta gaban rumfar mahauta, da rana tsaka, ni ina biye da shi da ƙwarya. Ba wanda ya yi masa magana. A bakin rijiya ya sauke, ya riƙa jan ruwa yana zubawa, yana cuɗawa da waɗannan hannuwa nasa, yana tsiyayewa, mata suna tsaye suna kallo. Haka ya yi ta yi safe da marece, har safiyar da Kaka ta ciza ƙwaya, ta tauna, ta haɗiye.

Ta dafa ta luguf, ta daka, ta tace, ta dama kunu mai ruwa-ruwa da ɗan gishiri. Ta ɗora yaron a cinya tana ba shi da ƙaramin ludayi, tana ce masa ango ba ya ƙin abincin amarya. Ya yamutsa fuska, ya haɗiye. Muka zauna muna jira, ba mai motsi. Kunun ya zauna. Da marece ta ƙara masa, ya zauna. Ba a rana ɗaya ya warke ba, kar in yi maka ƙarya, an daɗe ana fama. Amma ranar da na ji ya tsala kuka yana miƙa hannu wajen ludayi, na fita bayan gida na yi nawa kukan. Da cikinsa ya daidaita, Kaka da kanta ta fara zuba masa ɗan romo cikin kunun, tana murza masa hanta. Mu ma muka koma cin dafaffiyar hanza da ganyen yaɗiya, nama a gefe, ƙarfinmu ya dawo. Baba yakan ci nasa a zaure, yana ci yana ƙunƙuni. Kunyar da ke tsakaninsa da Kaka kuwa ta koma yadda take tun washegari, aike ya dawo kaina, har ta bar duniya ba su sake haɗa ido ba.

Yanzu zamani ya canja. Jikokina suna zuwa mini da waya a hannu, wannan ya ce masana sun ce nama ne asalin abincin mutum, wancan ya ce a'a, ganye da 'ya'yan itace ne, har su yi fushi da juna. In sun tambaye ni, nakan ce ni dai na ga gidan da nama ya yi wa yawa ya kusa binne ɗansa, kuma na ga hanta ta mayar wa yaron nan jini bayan kunu ya tsayar da shi. Mutanen farko ba zaɓe suka yi ba, sanin daji suka yi, kuma suka koya wa na bayansu. Abin da yake damuna ke nan. Fakon da muka je da Kaka rabinsa ya zama gonaki, kuma a cikin jikokin nan nawa babu wanda zai iya nuna maka hanza ko da ya yi tuntuɓe da ita. Fari kuwa bai yi wa kowa alkawarin ba zai dawo ba.

Shi ya sa na ɗaura ɗamara. Duk bazara sai na tattara su, masu so da masu ƙunƙuni, mu tafi daji. Su tsinka da hannunsu, su ɓare, su jiƙa, su ja ruwa, su ciza su ji ɗacin a harshensu har ranar da zai fita. Iyayensu suna cewa na tsufa na rikice, ban damu ba. Bara ƙanena ne ya kai mu a motarsa. Yanzu ƙaton mutum ne mai tumbi da furfura, ba ya cin abinci in ba nama, kuma bai tuna komai na waccan shekara ba. Da muka dafa na ɗiba na miƙa masa. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya dube ni.

"Haba Yaya, wanga abu kunka ba ni ina yaro?"

Na ce, "Shi na. Shi ya sa kake nan zaune kana yamutsa huska. Cinye."